Kambin Kwali

Litinin, 4 ga Nuwamba
A rubuta a tarihin Kafanchan: yau an naɗa ni sarki da kambin kwali. Zan mutu kafin 'yan kallo su gama zama.

Ni na mayar da tsohon wasan Turawan nan zuwa Hausa don bikin godiyar ikilisiya: jarumi ya kashe sarkinsa da ya sauka baƙo a gidansa saboda kujera, tsoro ya hana shi barci. Kowa ya san jarumin nake so in fito. Sai Obadiah ya miƙe a zumuntar maza ya ce shi zai yi. Obadiah, abokina tun firamare, wanda bai taɓa karanta littafi ya kai bangon baya ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Gwaji. Ya soke ni da wuƙar katako da ƙwazon da ya wuce kima. Wai, "Malam, ka mutu mana. Gawa ba ta gyara wa mutum magana."

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na canza benci a coci, nesa da Obadiah.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Matata Serah ta ce, "Baban Irene, ka manta abin da ya sami Zamani?" Ban manta ba. Ya fito maci amana a wasan Ista muna samari, har yau maci amana ake kiransa a kasuwa. Ta ce zaɓen dattawan ikilisiya ya kusa, sunana yana ciki. Na ce na Obadiah ma yana ciki, shi ya sa yake son a tafa masa. Ni adabi nake, ita tana zancen kasuwa.

Asabar, 23 ga Nuwamba
An yi wasa. Na mutu da mutunci. Ina bayan labule na ji wata tsohuwa daga Fadan Kagoma: "Allah ya isa, Obadiah! Baƙon da ya kwana a gidanka!"

Ya iya, abin haushi. Ba zai ji daga bakina ba.

Lahadi, 1 ga Disamba
Zaɓe. Na ci, Obadiah ya faɗi. Mata sun ce dama idonsa ya nuna.

A ƙofar coci ya kama hannuna yana dariya. "Na san haka za su yi, shi ya sa na karɓe maka jarumin. Ni gonar citta ta ishe ni. Da kai ne ka faɗi zaɓen, shekara za mu yi muna shan Turanci."

Litinin, 2 ga Disamba
Na kai masa kambin har gona, ya sa a kan hularsa. Har yanzu ina nan a kan cewa ya haɗiye rabin jawabin ƙarshe.

Sauran kuwa, ni na yi kuskure.