Baitocina Sun Hana Inna Saudatu Zuwa Kasuwa

Malama Rahinatu, ki agaza mini da shawara, domin alƙalamin da nake taƙama da shi ya yi ɓarna, na rasa inda zan sa kaina.

Ni malamin makaranta ne a Wudil, shekara ashirin ina tsara waƙa. Duk Juma'a bayan la'asar mukan hallara a majalisarmu ta bakin gada, kowa ya rera abin da ya rubuta. Al'adarmu ce a yi zambo, muddin ba a kama suna ba.

Akwai wani mawaƙi da ya yi fice, ɗan garin nan, benci ɗaya muka zauna a firamare. Ya haura arba'in bai yi aure ba, sai surutu ya tashi cewa ba mata ne a gabansa ba. Wallahi ban taɓa ganin komai ba. Zaƙin ƙafiya ne ya ja ni, na ce:

Tauraro ɗan gidan mai gina tukwane,
Ya ƙi zance da 'yan mata, shin na wane ne?

Aka yi dariya, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ashe Ya'u, abokin zamanmu, yana naɗa a waya. Kafin Lahadi baitocin sun karaɗe gari. Mahaifiyar mawaƙin, Inna Saudatu, wadda na sha cin tuwonta, Juma'a uku ke nan ba ta kai tukwanenta kasuwa ba.

Yanzu wani mai shiri a intanet yana nemana in je in fayyace. Abokaina sun ce wanda ya zaɓi ɗaukaka ba shi da sauran sirri. Shin haka ne?

Mai Nadama, Wudil

Malam Mai Nadama, abokanka suna da rabin gaskiya. Waƙar da mawaƙin ya fitar ta jama'a ce: ka soki kalmominta, ka soki tarbiyyar da take koyarwa. Abin da ke bayan ƙofar ɗakinsa kuwa bai miƙa wa kowa ba. In ƙarya ce, ka yi ƙazafi; in ma gaskiya ce, suturtawa aka umarce mu. Ka kuma san irin wannan zargi a ƙasar nan yana iya jawo wa mutum duka ko abin da ya fi haka.

Ba ka kama suna ba, amma ka nuna gida. Kada ka je shirin nan, kuma kada ka tsara waƙar ban haƙuri, za ta sake tayar da maganar ne. Ka sa Ya'u ya goge. A majalisa ka faɗa da bakinka, ba tare da ado ba, cewa ba ka san komai ba. Ka kira abokinka mawaƙin, sannan ka ɗauki dattijo guda ku je wurin Inna. Mai yiwuwa ta ƙi kallonka. Ka jure, ka sake komawa.

Allah ya sanyaya zukatansu, ya rufa mana asiri baki ɗaya.