Kalmar da Ta Sa Kawu Isa Jira

Ya A'isha, sanyin idona, ruwan sabuwar randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiya ga wanda rana ta dafa! Sallama daga Gwandu zuwa gare ki a Kalgo, daga Hamidu, wanda ya gaji da kansa amma bai gaji da ke ba.

Yau kwana goma sha tara ba ki ɗaga wayata ba. Na san adadin domin kullum bayan sallar asuba nakan rubuta shi a littafin da nake ajiye al'amuran yinina. Wannan takarda ita ce ta huɗu. Ukun farko na yayyaga su, ita ma ban tabbata ta fi su ba.

Kin tuna ranar da ruwan farkon damina ya tsare mu a rumfar mai kayan miya, kusa da makarantar da kike koyar da Turanci? Ƙasa ta buɗe ƙamshinta, kika lumshe ido, fuskarki ta yi fes kamar ganyen gero da ya sha raɓa. Na ce miki Turawa suna da suna ga wannan ƙamshi, petrichor, wanda wasu masana biyu suka haɗa daga kalmomin Girkanci, dutse da jinin allolinsu. Kika ce ba ki taɓa ji ba, ke malama guda, kika yi dariya har mayafinki ya zame. Wayyo, dariyar nan ce ta cuce ni! Ni da na tsaya a sakandare, ashe ina da abin da zan ba ki? Tun daga ranar nake tonon ƙamus kamar mai tonon gyaɗa, kalma ɗaya kowane yini, wai don kada ki gane ƙarancin karatuna.

Sai kika aiko cewa Kawu Isa, wanda aurenki ke hannunsa, yana son ganina, in sa rana. Me ya hana ni cewa jibi? Wane shaiɗan ne ya riƙe yatsana? Na rubuta miki overmorrow. Tsohuwar kalma ce, over da morrow, wato ranar da ke bayan gobe, Turawa da kansu sun daɗe da yasar da ita. Kika ɗauka hannuna ne ya zame wajen rubuta tomorrow, kika ce wa Kawu gobe zan zo. Wa zai ga laifinki? Dattijo ya biyo mota tun daga Dodoru, ya zauna a zaurenku daga hantsi har la'asar sakaliya, tuwon shinkafa ya huce a kwano, ni kuwa ina gida ina gugar babbar riga, wayata na shagon caji. Washegari na iso da gorona, na tarar ya tafi, ya bar magana cewa ba ya ba da 'ya ga wanda ya raina furfura.

Na gaji, A'isha. Na gaji da maimaita ranar a kaina, na gaji da son in fi yadda nake. Shekara arba'in da ɗaya, amma na yi wautar da ɗan aji uku ba zai yi ba. Jiya ma na ci karo da wata kalma da ta dace da halin da nake ciki sarai, na rufe ƙamus ɗin. Ba zan rubuta miki ita ba.

Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, zan tafi Dodoru in durƙusa gaban Kawu. Ban san yadda zan bayyana masa cewa mataccen Turanci ne ya hana ni zuwa ba, watakila fushinsa ya ƙaru. Abu ɗaya nake roƙo, ya hasken farin wata: ki kira shi kafin in isa, ki shaida masa wauta ce, ba raini ba. Idan ya kore ni, zan koma Juma'a ta sama, da wadda ke bin ta, har ya gaji da ganin takalmina a ƙofarsa.

Naki ne ni, ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da za a ɗauke ni a makara.

Hamidu