Madubin da Ya San Ki da Ƙuruciya

Zuwa ga Mai Wushirya, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta tun gashina yana baƙi, rijiyata da ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar rani, uwar 'ya'yana, abokiyar faɗana! Ina gaishe ki irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan fari. Na san haƙoran da suka yi wushiryar sun riga mu tafiya, amma suna ba ya faɗuwa tare da haƙori.

Kin san ni da biro ba ma ga maciji. Mai gyaran agogo na bakin titinmu ne ke rubuta mini, kuma na gargaɗe shi kada ya ƙara mini gishirinsa. In kin ji magana da kaushi, tawa ce.

Yaya ƙafar? Tun da Auta ta ɗauke ki zuwa gidanta don ki yi kusa da asibiti, gidan nan ya koma sheƙar da tsuntsuwa ta tashi ta bari. Saƙonki ya iso ni: wai mai gidan da muke haya yana son gidansa, wai an gyara mana ɗaki a can, wai in zo da jaka ɗaya, in ba haka ba in kwashi tarkacena in koma wurin ƙanena, tarkacen su riƙa yi mini hira. Tarkace! Daga bakin mijin Auta na fara jin kalmar nan, na haɗiye, don yaro bai san wuta ba sai ya taka. Amma ke? Ke da kika san inda kowace ƙusa ta gidan nan ta fito?

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Kujeru sun tafi, tukwanenki na raba wa maƙwabta. Fankar nan mai kukan akuya na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa, amma bai sha kwana ba na bi shi da ɗingishi na karɓo abata, yana ta ƙyaƙyata mini dariya. Washegari na sake miƙa masa, na juya fuskata bango har ya yi nisa.

Sai kabad mai madubi. A nan ƙafata ta kafe. Surukin naki ya zo da abin awo, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen kankana, ya ce ba zai bi ta matakalar benensu ba, ya ce gara ta cinye masa ƙafa, ya ce madubin ya yi tabo-tabo, akwai sabo dal a ɗakinki. Me zan ce wa wanda ba a haife shi ba lokacin da abin ya faru?

Kin tuna ranar da na turo shi a baro, hadari ya haɗo, na tuɓe rigata na rufe madubin, na iso ina ɗigar ruwa kamar kazar da ta faɗa randa? Kin yi mini faɗa, kina goge ni da zanenki kina dariya. Da safe na yi lamo kamar mai barci, kika tsaya a gabansa kina ɗaura kallabi, ki kwance, ki sake ɗaurawa. Wayyo! Ko hantsi bai taɓa sauka kan ruwa da kyau irin haka ba. Sai idonki ya kama nawa a cikin madubin, kika yi mini gwalo. Tun daga ranar ban sake tashi kafin ki gama ɗauri ba, kuma ke ma kin sani, don mace ba ta kwance kallabi sau uku saboda bango.

A cikinsa na gan ki da cikin fari kina juyawa gefe kina kallon kanki. A cikinsa na ga idonki ya kumbura shekarar da muka rasa ɗanmu, kina sa kwalli don kada in gane. A cikinsa kika tsinci furfurar farko, kika ce ni na jawo miki ita, kuma ban musa ba. To faɗa mini, furen zuciyata, wancan sabon na gidan Auta me ya sani? Tsohuwa mai sanda kawai ya sani! Yaya za a yi in yar da wanda ya san ki da ƙuruciya, in je in zauna da baƙo?

Haka na yi ta faɗa wa kaina, har jiya. Jiya da hantsi na jawo akwati na zauna a gabansa, ɗaki wayam, na zuba masa ido ina jiran ya nuna mini ko da gefen kallabinki. Na daɗe. Ba abin da ya fito sai wani tsoho mai ɗaure fuska, gemu duk a hargitse, wanda ko ni ba na sha'awar zama da shi. Ashe madubi ba shi da amana. Wanda ke gabansa kaɗai ya sani. Na rufe idona don haushi, sai ga ki tsaf, har da gwalon.

Na kira ɗan maƙwabcinmu, wanda bai daɗe da aure ba, na ce ya ɗauka. Na ce ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafar, ya ajiye shi yana kallon gado, kada ya tambaye ni dalili. Da shi da abokansa suka kinkime shi ban taya su ba, ban kuma leƙa ba. Wurin da ya tashi ya bar fari a bango, shi nake ta kallo.

Ina nan tafe da jakata. Ki gaya wa mijin Auta ba don ya fi ni gaskiya ba ne, kuma kalmar tarkace tana nan a raina, za mu yi ta ni da ke. Roƙo ɗaya gare ni, ya ke ruwan sanyi a ranar zafi: wancan sabon madubin ki sa a juya shi. In gari ya waye ki zauna a bakin gado, ki ɗaura kallabinki kina fuskantata. In ya karkace ni zan faɗa miki, kuma ki shirya, kullum sai na ce ya karkace.

Naki tun ƙafata na da ƙarfi, naki yanzu da take rawa, naki har ranar da za a ɗauke ni ba tare da jaka ba,

Tsohonki mai taurin kai.