Ranar da Ƙarfe Ya Yi Gumi

Litinin, 17 ga Afrilu, 1978
Sabon ƙarfe ya iso, faifai masu kaurin yatsu uku, irin na tukunyar tururi da ba ya tsoron wuta ko matsi. Ni na sauke su da injin ɗaga kaya daga ɗan akurkina na can sama. Alojz mai walda ya tsaya a ƙasa yana yi min alama da hannu, kamar yau na fara aiki. "A hankali, Pani Truda, ba buhun dankali ba ne." Na ce da dankali ne da tuni na sakar masa a ka. Mutumin nan da iyayi, har da "Pani", wai shi mai girmama mata.

Laraba, 19 ga Afrilu
Hilda ta kantin abinci ta tsegunta min. Ashe tukunyar da Alojz ya haɗa a hunturu ta yi yoyo wajen gwaji. In wannan sabuwar ma ta zubar, za a karɓe hatiminsa, ɗan ƙarfen da yake buga lambarsa da shi a gefen kowane ɗinki, a mayar da shi waldar ƙyauren lambu. Shi da aka haifa da sandar walda a hannu. Ni ina ruwana.

Asabar, 22 ga Afrilu
Ya shafe yini a cikin tukunyar, ƙafafunsa kawai nake hange. Yana waƙa, muryar kamar tsohon ƙyaure. Na yi dariya ni kaɗai har na kusa wuce inda zan ajiye kaya.

Talata, 25 ga Afrilu
Yau bai tsokane ni ba. Aikin duk babu daɗi.

Alhamis, 27 ga Afrilu
Gobe gwaji. Za a cika tukunyar da ruwa a matsa, shi kuma ya shiga ƙarƙashinta da farar riga yadda aka saba, kowane ɗigo ya nuna a jikinsa. Matarsa ce ya kamata ta riƙe masa kwat a gefe. To, matar ta rasu tun kafin nawa mijin. Hilda ta ce, "Ya rataye a ƙusa mana." A ƙusa, kamar wanda ba shi da kowa a garin nan namu na Gliwice.

Juma'a, 28 ga Afrilu


Ya fito da farar rigar, gugar a karkace, da gani shi ya yi da kansa. Ya cire kwat yana waige-waigen ƙusa. Ban san lokacin da na sauko daga tsanin ba, ni da ko abincin rana a sama nake ci. Na miƙa hannu. "Kawo nan kafin ka ɓata mana lokaci." Sai Achim shugaban aiki ya yi wani tari na munafunci.

Aka fara matsa ruwa. Sufeto Pan Szymura ya kafe agogon matsi da ido. Can sai ɗigo ya faɗo a kafaɗar Alojz, wani ya biyo, rigar ta fara jiƙewa. Shi kuwa fuskarsa ta yi fari fat, ya fito daga ƙarƙashin, ya nufo ni, ya zura hannu a aljihun kwat ɗin ya zaro hatimin zai miƙa wa Achim. Na damƙe wuyan hannunsa. "Wa ya tambaye ka? An yanke hukunci ne?"

Pan Szymura ko waiwayowa bai yi ba. "Pan Alojz, koma wurinka. Allurar agogon ba ta motsa ba. Wa ya cika ta da ruwan rijiya mai sanyi a rumfa mai zafi haka? Gumi take yi." Ya shafa tsakiyar faifan, inda babu ɗinki ko ɗaya, ya nuna mana tafinsa sharkaf. Achim ya sosa ƙeya, don shi ya hana a jira ruwan ya huce, wai yana sauri.

Aka goge ta, aka jira. Allura tana nan daram. Da sufeto ya ce ta wuce, rumfar ta kaure da bugun guduma a kan ƙarfe. Alojz ya buga hatiminsa, ya juyo yana dariya da hawaye. Ni ma daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Achim ya ce, "Pani Truda, kwat ɗin ya yi miki kyau a hannu." Na ce ya ji da ruwan rijiyarsa.

A cikin hayaniyar na taho gida da kwat ɗin. Aljihun a yage yake, abin kunya.

Lahadi, 30 ga Afrilu
Alojz ya zo karɓa bayan coci, da furanni a naɗe cikin jarida, wai a hanya ya tsince su. Ya sha miyar żur kwano biyu, ya ce gishiri ya yi yawa, ya nemi na uku. Na ɗinke aljihun, amma na ce masa maɓalli ɗaya ya ɓata, ba zan bar mutum ya fita daga gidana da kwat haka ba, ya dawo Laraba.

Ɗazu na ji maɓallin a aljihun rigata. Ban san yadda aka yi ya shiga can ba.