Wace Bindiga Zan Saya Kafin Delbert Ya Dawo?

Anti Odessa, don Allah ki taimake ni, kada ki sa wasiƙata a ƙarshen layi. Na daɗe ina karanta filinki na ranar Asabar, ina dariyar matan da ke kawo miki ƙarar mazajensu, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba. Tambayata gajeriya ce. Wace ƙaramar bindiga ce ta dace da mace mai shekara hamsin da 'yan kai, wadda ke zaune ita kaɗai a bayan gari a nan gabashin Oklahoma, wadda ko gwangwani ba ta taɓa harba ba? Amma na san halinki, ba kya amsa tambaya sai kin ji tushenta. To ga tushen.

Mijina Wendell ya daɗe da rasuwa. Shi ne mai farautar barewa, kuma ana binne shi na tattara dogayen bindigoginsa na ba ƙaninsa, don ko ganinsu ba na son yi. Daga nan na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina. Mama Earline kowa ke ce mata. Tsohuwa ce mai baki, mai dariya, ga kyauta har ta yi yawa. Ko mai kawo wasiƙu ba ya wuce ƙofarmu bai sha wani abu ba.

Shekarar da ƙanƙara ta farfasa rufin gidaje a yankinmu, sai aka haɗa mu da wani mai gyaran rufi, Delbert, ɗan wata mata Vonda da muke coci ɗaya da ita. Magidanci ne fa, ba yaro ba, har da furfura a gemu. Kullum rana ta yi tsaka sai Mama ta dogara sandarta ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta ce, “Sauko ka ci abinci, ɗan nan, ka bushe kamar kara, iska za ta yi gaba da kai!” Soyayyar kaza, wake, burodin masara, shayi mai ƙanƙara, babu abin da bai ci a teburinmu ba. Ashe da yake shiga banɗakinmu wanke hannu, idonsa na kan ƙwayoyin rage ciwo da likita ya rubuta wa Mama saboda gwiwarta.

Wata Lahadi da safe na tafi coci, Mama ta ce ƙafar ta matsa mata, ba za ta je ba. Delbert ya zo ya ga babu mota, ya ɗauka babu kowa, ya ɓalle ƙofar baya. Ta ji motsi ta fito, suka yi kiciɓis a ƙofar banɗaki. Ta kira sunansa fa, Anti Odessa. Ta ce, “Delbert, lafiya?” Ya bangaje ta ta faɗi, ya kwashe ƙwayoyin, ya tsallake ta ya fita. Tsallake ta ya yi, kamar tsumman goge ƙasa. A wurin na tarar da ita da na dawo, ƙashin ƙugunta ya karye, muryarta ta dishe don kira.

An yi mata aiki, amma ba ta ƙara takawa ba. Ɗagata da kwantar da ita ya fi ƙarfina, dole na kai ta gidan kula da tsofaffi, wurin da na yi mata alkawarin ba za ta taɓa kwana ba. Duk zuwan da zan yi, maganarta biyu ce. Yaushe zan mai da ita gida, da kuma, “Ni fa da hannuna na zuba masa abinci.” Shekara ba ta zagayo ba ta rasu. Likita ya rubuta ciwon huhu. Lauyan gwamnati ya zaunar da ni ya yi mini bayani mai tsawo, wai zai yi wuya a ɗaure mutuwar a wuyan Delbert. Suka daidaita da lauyansa, ya amsa laifin fasa gida, aka yi masa ɗaurin da ko ciyawa ba ta gama rufe kabarin Mama ba ya fito. Yanzu yana gari, wai sakin talala, yana wanke motoci dab da kantin da nake cefane.

Kwanaki na fito daga kantin da kaya niƙi-niƙi, sai ga mutum ya riƙe mini ƙofa. Na ɗaga kai, shi ne. Ya cire hula ya ce, “Sannu Anti, ya ƙarin haƙuri?” Ni zai tambaya ƙarin haƙuri! Da na shiga mota kasa sa makulli na yi. Ba tsoro ba ne, kada ki yi mini wannan fassarar. Da akwai wani abu a jakata ranar, da yanzu ba wasiƙata kike karantawa ba, labarina kike karantawa a shafin farko na jarida.

Uwarsa kuma ta tare ni a bakin coci tana matse ido, wai ai ya yi zamansa ya gama, sai a bar wa Allah. Fasto ya zo har gida ya yi mini wa'azin yafiya, ya cinye mini rabin kek ya tafi. Kowa ya yafe masa, har waɗanda ba a yi wa komai ba. Ni kaɗai ce muguwa a garin.

Shi ne na je shagon tsoho Hoyt mai sayar da bindigogi. Ya ce ta mece ce, na ce ta tsaron gida. Ya ɗora mini guda biyu a kan kanta. Ɗaya libarba ce, irin mai juyawar nan, harsashi biyar take ci. Ya ce ba ta da rikici, ɗauka kawai ki ja kunama, sai dai kunamar da tauri kuma tana dukan hannu. Ɗayar fistol ce baƙa, tana cin harsashi fiye da goma, ta fi zama a tafina, amma sai an ja samanta baya kafin ta ɗanu, ni kuma yatsuna sun fara ciwon sanyi, da ƙyar na ja. Na tambaye shi wacce ce in ta sami mutum ba ya tashi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Uwar gida, je ki kwana da maganar tukuna, shagon ba ya gudu.” Na fito ina jin haushinsa shi ma.

Tunda ba ki san ni ba, bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Budurwar Delbert tana aiki a shagon da nake gyaran gashi. Ina zaune ana yi mini wankin kai na ɗaga murya na ce sauran ƙwayoyin Mama suna nan cike da aljihun tebur, na kasa zubarwa. Gaskiya ne suna nan. Na ƙara da cewa ƙofar baya har yau ba ta kulluwa da kyau. Wannan ma gaskiya ne, da gangan na ƙi gyarawa. Na ga lokacin da hannun yarinyar ya tsaya da aiki. Niyyata ita ce in na sayi bindigar, ranar Lahadi in ɓoye motata a rumfar bayan gida, in sauke labule, in ja kujera in zauna a daidai inda Mama ta faɗi. In bai zo wannan Lahadin ba, akwai wata. Mai shan ƙwaya ba ya tuba, na sani. Zan kira sunansa yadda ta kira, don ya juyo ya gan ni.

'Yata Shawna ba ta san komai ba. Ta ɗauka tsoro ne ke hana ni barci, har tana cewa in koma wurinta. Ita da jikata Kinley ne kaɗai ke sa ni dariya yanzu, in sun faɗo mini ta ƙofar baya da yunwarsu bayan an tashi coci.

To Anti, libarba ko fistol? Kada ki ce in yafe, na ƙoshi da wannan. Ki dai gaya mini wadda ba za ta ba ni kunya ba in ranar ta zo.

Taki,
'Yar Mama Earline

*

'Yar'uwata,

Allah Ya ji ƙan Mama, Ya ba ki dangana. Ba zan ce ki yafe ba. Yafiya taki ce, ba ta fasto ba, ba ta uwar Delbert ba, kuma ba a karɓarta da ƙarfi. Abin da aka yi wa mahaifiyarki zalunci ne, hukuncin da aka yanke bai kai girman laifin ba, gaisuwar nan ta bakin kanti kuma ko dutse aka yi wa sai ya yi zafi. Duk wannan ina tare da ke.

Ina kuma tare da ke a kan cewa mace mai zama ita kaɗai a bayan gari, inda sai an gama ɓarna 'yan sanda ke isowa, tana da damar ta kare kanta. Ni ma akwai bindiga a gidana, ta fi wasu masu karanta filin nan shekaru. Don haka ba ƙyamarta nake yi ba.

Amma ke ba tsaron gida kika rubuto mini ba. Mai tsaron gida addu'arta kada kowa ya zo. Ke addu'arki ya zo. Kin bar ƙofa a lalace, kin aika masa da saƙo ta bakin budurwarsa, kin zaɓi rana, kin zaɓi kujera. Sunan wannan kwanton ɓauna. Ni ba lauya ba ce, amma ba sai na zama lauya ba zan gaya miki cewa matan shagon gyaran gashin nan da suka ji ki, da tsoho Hoyt da kika yi wa waccan tambayar, duk za a iya kiransu su maimaita a gaban alƙali. Lauyan gwamnatin da ya kasa ɗaure Delbert yadda ya kamata, ke ba zai sha wahala a kanki ba. Na canja duk sunayen da ke cikin wasiƙarki kafin a buga, saboda ke, ba saboda shi ba.

Sannan ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Wa ke shigo miki ta ƙofar baya ranar Lahadi ba sallama? Ranar da Shawna ta duba coci ba ta gan ki ba, ba za ta jira a tashi ba, gida za ta nufo a guje, Kinley na gabanta. Ke kuma kina zaune cikin duhun labule, yatsa a kan kunama, zuciya na tafasa, ba ki taɓa harbi ba. Ba zan ƙarasa ba. Ki ƙarasa da kanki.

Saboda haka amsata a yau ita ce, ko ɗaya. Hoyt ya yi miki gaskiya, ki gode masa.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki kira kafinta ya sauya ƙofar baya da makullinta, ya sa fitila mai kamawa in ta ga motsi. Ki kwashe ƙwayoyin nan ki kai kantin magani ko ofishin 'yan sanda su gaya miki yadda ake rabuwa da su, sannan ki koma shagon gyaran gashi ki faɗa da murya irin waccan cewa babu su, ƙofa kuma ta gyaru. In kina iya riƙon kare, ki samo babba mai haushi. Zai cika miki gidan da motsi, kuma shi ya san bambancin ɓarawo da jika.

Fushinki kuma ki ba shi aikin da ba zai kai ki kurkuku ba. Wanda aka yi wa sakin talala akwai jami'in da ke sa masa ido. Ki neme shi, ki gaya masa mutumin nan ya tare ki da magana, ki tambayi yadda za a hana shi kusantar ki da gidanki. Ki ga lauya mai zaman kansa, ki ji ko akwai sauran hanyar ƙara a kan abin da ya sami Mama, kuma kada ki yi jinkiri, irin wannan ƙofa tana rufewa. Mai yiwuwa ya ce babu. Amma gara ki ji daga bakin wanda ke tsaye a ɓangarenki.

Abu mafi wuya shi ne ki zaunar da Shawna ki gaya mata komai, har da kujerar. Za ta yi kuka, ƙila ta yi miki faɗa. Ki bar ta. Ita ma kakarta ce aka tsallake. Ki je ki yi 'yan makonni a gidanta, ba don kin gudu ba. Ki kuma nemi mai ba da shawara ga waɗanda aka yi wa rashi, wanda zai saurare ki ba tare da ya buɗe miki littafin wa'azi ba.

In lokaci ya ja, kika ga kina kulle ƙofa kina fatan kada kowa ya taɓa ta, kuma har yanzu kina son bindiga, to sai mu yi maganar da kika tambaya. Ki fara da ajin koyon harbi, akwai na mata zalla. Ki yi hayar iri-iri a filin harbi ki gwada, ki ɗauki wadda yatsunki ke iya sarrafawa ba tare da kin cije leɓe ba, ba wadda ta fi ban tsoro ba. Kafin ta shigo gidan, akwatin ƙarfe mai makulli ya riga ta shigowa, saboda Kinley. Kuma ki tafi shagon Hoyt tare da 'yarki.

Delbert ya raba ki da uwa. Kada ki taya shi raba Shawna da tata. Ina yi miki fatan barci mai daɗi da tsawon rai, kuma in kin sake rubuto mini, ina so in ga adireshin gidanki a bayan ambulan, ba na gidan yari ba.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya tsare ki da zuriyarki.

Anti Odessa