Tudun da Baba Ya Bar Wa Lyle

Wisconsin, Afrilu 2012

Zuwa ga Yaya Gunvor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki Arvid kuna lafiya. Gidajenmu na kallon juna, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa, tunda da kin ji muryata a waya sai ki kashe. Ranar Lahadi ma na ga kin sauya benci a coci.

Gaskiya ne, na ba masu haƙar yashi hayar tudun. Sun ce irin yashinmu ne masu haƙar mai ke ɗurawa cikin ƙasa. Yaya, gwiwoyina sun ƙare, na sayar da shanun, yarana ba mai son noma. Da Baba ya raba gona, ke ya ba kwari da idon ruwa, ni ya ba ni tudun da ko masara ba ta yi a kai. Sun yi alkawarin in sun gama za su mayar da ƙasa su dasa itatuwa.

Ki yi fushi, amma ki ɗaga waya.

Ƙanenki,
Lyle

Yuni

Lyle,

Na amsa gaisuwarka. Itatuwan da suka sare sun girmi kakanmu. Waɗanda za su dasa, wa zai zauna a inuwarsu, kai ko ni?

Tun kana ƙarami kunnenka ado ne kawai. Kan tudun ya tafi, yanzu rana tana faɗowa ɗakin girkina tun ban tashi ba. Manyan motoci ba sa yankewa. Kullum ina share farar ƙura a bakin taga, Arvid kuma tari ya kama shi har ya daina fita wurin shanu.

Yanzu masu haƙar yashin suna neman izinin ci gaba zuwa tudun bayan coci, wanda ke kallon maƙabarta. Majalisar gari za ta yanke a watan Satumba. Mutanen kwari sun rabu biyu, har a shagon kofi kowane ɓangare da teburinsa. Kai ka fara sa hannu, saboda haka maganarka ta fi ta kowa nauyi. Ka zo ka gaya musu abin da kake gani ta tagarka.

Allah ya kiyaye ka.
Gunvor

Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina yi wa Arvid sannu. Sai da na zo gidan aka ce mini kuna asibiti.

Wannan ruwan saman ya fasa tafkin da suke wanke yashi. Laka ta gangaro ta makiyayarki ta binne idon ruwan. Jar karsanarki ta maƙale har wuya. Na kawo tarakta, ni da maƙwabcinki Eldon muka ja ta, amma ta riga ta mutu. Mun binne ta a bayan rumbu. Da muka gama, Eldon ya ce mini, "To, Lyle, ka ga yashinka ya dawo gida."

Jarkokin ruwan da ke ƙofarki ni na ajiye. Don Allah kada ki zubar.

Maganar taron majalisa kuwa, na kai wa lauya takardar da na sa wa hannu. Ya ce ta hana ni sukar kamfanin yashin a bainar jama'a, in na yi suna iya maka ni kotu, har gidan ya salwanta. Ban san abin da zan yi ba.

Ƙanenki,
Lyle

Satumba

Lyle,

Na gan ka. Kana can baya kusa da ƙofa, hula a hannu. Da shugaban majalisa ya ce waɗanda ba su yarda a ba kamfanin izini ba su miƙe, ka miƙe da waɗannan gwiwoyin, lauyan kamfani yana kallonka, ba ka ce uffan ba, ba ka kuma zauna ba har aka gama ƙirga.

Ka fita kafin a yanke. Mun faɗi. Za su shiga tudun coci da bazara.

An sallamo Arvid da tukunyar iskar numfashi. Yana tambayarka. Ban yafe maka tudun ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Amma ka zo ranar Lahadi ka ci abinci.

Yayarka,
Gunvor