Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Inji

Zuwa ga aminina Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya makwanci? Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko kana raye ma da dariya za ka yi wa ajamina, ka ce kaza ta bi ta kan tawada. To, ka yi. Magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai ka san kanta.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Bakura, hanyar Maradun kuwa har yau sai da addu'a ake bin ta. Motarmu Kunkuru tana nan bayan gidanka a Mafara, ƙarƙashin dogon yaro, inda muka bar ta. Shekara goma sha ɗaya muna haɗa motar nan, ni da kai. Ƙashinta na tsohuwar akori-kura, jikinta gangunan da muka fasa muka miƙe, kujerarta bencin zaurenka. Injin kuwa ni na zaɓo shi, kana cewa a'a ina cewa i, har ka gaji ka bar ni. Sau ɗaya ya kai mu Bakura. Tun ranar sai tari da farin hayaƙi.

Bayan sadakar arba'in ɗinka, ɗanka Sanusi ya zo daga garejin da yake aiki, da wani inji lulluɓe da buhuna. Wai cire nawa zai yi ya ɗora wanga, wai kai ka bar wasiyya. Na tambaye shi wa ya ji, wa ya shaida. Bai kawo kowa ba. Kai da ba ka ɗaure ko ƙusa ɗaya a motar nan sai ka kira ni, za ka bar wasiyyar inji ban sani ba? Raina ya ba ni cewa ƴan gwangwan ne suka yi masa ciniki, ko kuwa so yake motar ta tashi daga tamu ta koma tasa. Kwana uku ina zuwa da tabarmata ina zama gaban Kunkuru. Ranar Juma'a kuma, a ƙofar masallaci, gaban mutane, na ce yaron nan zai sayar da gumin ubansa. Kansa ya sunkuyar. Ni kuwa sunkuyar da kan nan nasa ya ƙara mini zargi.

Da dattawan unguwa suka sa baki na yarda, amma da sharaɗin komai a gabana za a yi. Aka rataya sarƙa a reshen dogon yaro aka ɗaga baƙon injin. Ni ban san lambar da suke dubawa ba, hannuna na sani. Na shafa gefensa, na shafa ƙasansa, sai yatsana ya faɗa rami. Ɗigo uku a jere, da ɗan zane a ƙarƙashi.

Ummaru, alamarka ce. Ba ka buga ta da ƙusa da guduma sai a injin da ka buɗe da hannunka, ka gyara, ka rufe. Yaushe ka yi wanga aiki? Ranakun nan da kake cewa za ka Janbako duba ƙafar ƙanwarka, gun injin nan kake tafiya? Shi ya sa kake dawowa da baƙin mai a farce, ka ce taya ka taya wani canzawa? Da aka sauke shi cikin Kunkuru sai ya zauna daram. Kujerar injin ka riga ka yanka ta, ramukan ƙusa sun hau juna, farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, kawai aka rage da taƙi guda aka yi mata walda. Ashe da igiyar nan da kake wasa da ita muna hira awo kake ɗauka, ina zaune kusa da kai.

To, bari ni ma in faɗi tawa. Ranar Bakura, da ka shiga gaida surukanka, injin ya ɗau zafi yana huci. Ka sha gaya mini kada a ba inji ruwan sanyi yana tafasa. Na ga kamar tsoro ne irin naka. Na ɗebo ruwan randa na sheƙa masa, na ji ya yi ƙas, kamar an taka busasshen kara. Da ka fito na ɓoye maka. Ka ɗora laifin a kan mai sayar da fetur, ni kuma na taya ka zaginsa.

Jiya Sanusi ya kifa tsohon injin ya nuna mini tsagar. An bi ta da gam a hankali, irin bin da kai kaɗai kake yi. Ka gani ke nan. Tun yaushe? Mi ya hana ka faɗa mini? Tausayina ka ji, don ka san ba na iya cewa na yi kuskure? Ko kuwa kullum na buɗe baki ina yabon injina kana dariya a cikinka? Wanga shi ne abin da ban gane ba, kuma ba ni da mai gaya mini.

Jibi Juma'a. A ƙofar masallacin na ɓata ɗanka, can zan tsaya in wanke shi, da murya irin wadda na zarge shi da ita. Ka san abin da wannan zai ci mini. Bayan an sauko za mu tada Kunkuru. Shi zai tuƙa, ni ina gefe, gurbinka kuma ba mai zama. Tsohon injin yana zaurena, ba mai taɓa shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Na yafe maka, ka yafe mini. Amma maganar Janbako ba ta mutu ba, idan mun haɗu sai ka yi mini bayani.

Naka, mai taurin kan nan,
Bawa na Mafara